Tumunin Tumadir

Ɗaya daga cikin shari'o'in gado na farko a tarihin Musulunci ta taso ne tsakanin matar mamaci da ɗan'uwan mijinta, bayan yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira. Sa'adu ɗan Rabi'u, ɗaya daga cikin manyan mutanen Madina, ya yi shahada a wannan yaƙi ya bar mace da 'ya'ya mata biyu. Ɗan'uwansa ya zo ya kwashe dukiyar kaf, kuma a al'adar Larabawa ta wancan lokaci bai yi laifi ba, domin wanda ke iya hawa doki ya riƙe takobi shi ke cin gado. Matar ta kama hannun 'ya'yanta ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hujjarta mai sauƙi ce: uban yaran ya mutu a fagen fama, baffansu ya ɗauke komai, kuma ba mai auren yarinyar da ba ta da ko sisi. Da ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka sauka aka kira baffan, aka ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, aka ba uwarsu kashi ɗaya cikin takwas, shi kuma ya ɗauki abin da ya rage. Wannan kashi ɗaya cikin takwas shi ne muke kira tumunin takaba har gobe.

Sa'adun nan shi ne wanda aka ƙulla wa 'yan'uwantaka da Abdurrahman ɗan Aufu lokacin da Muhajirai suka iso Madina hannu rabbana. Shi ne ya yi wa baƙon nasa tayin rabin dukiyarsa, Abdurrahman ya yi godiya ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Bayan kusan shekara talatin, tumunin da aka fara yanka wa matar Sa'adu sai ya zama abin jayayya a gidan Abdurrahman kansa, kuma hukuncin da aka yanke a wannan gida shi ne alƙalanmu ke aiki da shi yau a Kano da Sakkwato da Zariya.

Madinar shekara ta 32 ba ita ce ta zamanin Uhudu ba. An ci Sham da Iraƙi da Masar, kuɗi sun shigo, filaye sun yi daraja. Abdurrahman, Allah ya ƙara masa yarda, yana sahun gaba a attajiran garin. Marubucin tarihi Ibn Sa'ad ya lissafa masa raƙuma 1,000 da tumaki 3,000 da dawaki 100, ban da gonarsa ta Juruf wadda raƙuma 20 ke yi wa ban ruwa. An ce zinaren da ya bari sai da aka sa gatari aka sassare shi, har hannuwan masu saran suka yi kanta. A wasiyyarsa ya ware dinari 400 ga kowane mutum da ya rage cikin waɗanda suka halarci Badar, su kuwa sun kai kusan 100 a lokacin.

Cikin matansa akwai Tumadir 'yar Asbag. Ba Baƙuraishiya ba ce, kuma ba 'yar Madina ba ce. Mahaifinta shugaba ne a ƙabilar Kalbu da ke Dumatul Jandal, can arewa wajen hanyar Sham, kuma Abdurrahman ya auro ta ne a shekara ta 6 lokacin da aka tura shi can da runduna, mahaifin nata ya musulunta. Ke nan ta yi sama da shekara 25 a gidan, nesa da danginta. Ta haifa masa ɗa, Abu Salama. Zaman nasu bai rasa tsama ba, domin an ruwaito cewa igiya ɗaya ce ta rage a tsakaninsu kafin rashin lafiyarsa ta ƙarshe. A wata ruwaya da Imam Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, ita ce ma ta nemi sakin. Ya ce ta sanar da shi idan ta yi al'ada ta yi tsarki, hakan kuwa bai faru ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Ta aika masa, ya tsinke igiyar da ta rage, kuma bai tashi daga wannan ciwo ba.

A zahirin doka magana ta ƙare. Mace tana gadon miji ne saboda aure, aure kuwa ya yanke yankewar da babu kome. Ruwayar Muwaɗɗa ta ce har iddarta ta cika kafin ya rasu. Amma Sayyidina Usman, wanda shi ne halifa a lokacin, ya hukunta cewa Tumadir tana da gado kamar sauran matan.

Mun fi son mu tsaya nan kaɗan, domin akwai abin da ake yawan tsallakewa idan ana ba da labarin. Tumuni ba ya ƙaruwa da yawan mata. Ko mace ɗaya mutum ya bari ko huɗu, in dai yana da ɗa ko 'ya, kashi ɗaya cikin takwas ɗin nan shi za su raba. Saboda haka shigar da Tumadir cikin magada bai rage wa 'ya'yan Abdurrahman ko ƙwayar dirhami ba. Kishiyoyinta ne abin ya taɓa: maimakon a kasa tumuni uku, sai aka kasa shi huɗu. Cikin kishiyoyin kuwa har da Ummu Kulsum 'yar Uƙuba, wadda uwarsu ɗaya da halifan. Wato Usman ya yanke hukuncin da ya rage rabon 'yar'uwarsa ta ciki ɗaya, ya kuma warware tasirin aikin mutumin da ya fara miƙa masa hannun mubaya'a a shekara ta 24, domin Abdurrahman ne ya jagoranci shawarar da ta ba shi halifanci. An ruwaito cewa Usman ya bayyana cewa ba ya tuhumar Abdurrahman da nufin hana ta gado, abin da yake so shi ne ya kafa hanyar da za ta hana wasu yin haka a gaba. Wannan a ganinmu shi ne ƙarfin hukuncin. Bai rataya haƙƙin mace a kan binciken zuciyar mamaci ba, wanda ba mai iya yi, ya rataya shi a kan abin da kowa zai iya shaida: an yi sakin cikin ciwo, kuma ciwon ne ya zama ajali.

Ba wannan kaɗai ya zo gaban Usman ba. Muwaɗɗa ta kawo labarin Habban ɗan Munƙizu, mai mata biyu, Bahashimiya da Ba'ansariya. Ya saki Ba'ansariyar tana shayarwa, aka yi shekara ba ta ga al'ada ba, sai ya rasu. Ta ce iddarta ba ta cika ba, don haka tana da gado, aka kuma ba ta. Bahashimiyar ta ga laifin halifa, shi kuwa ya ce mata shawarar ɗan'uwanta ce, wato Sayyidina Aliyu. Tun kafin nan ma, a zamanin Sayyidina Umar, Gailan ɗan Salama mutumin Ɗa'ifa ya saki matansa duka ya rabe dukiyarsa tsakanin 'ya'yansa maza. Umar ya ce ko dai ya mayar da matan ya kuma karɓo dukiyar, ko kuwa a ba su gado bayan ransa a kuma jefe kabarinsa kamar yadda Larabawa ke jifan kabarin Abu Rigal. Dabarar fitar da mace daga gida kafin a ɗauki makara ta daɗe, kuma ba ta ɓuya wa shugabannin farko ba.

Duk da haka ba kowa ne ya yarda da Usman ba. An tambayi Abdullahi ɗan Zubairu, ya faɗi abin da halifa ya yi, sannan ya ce shi a nasa ganin wadda aka yi wa sakin da babu kome ba ta da gado. Daga nan mazhabobi suka rarrabu. Imam Shafi'i a ra'ayinsa na ƙarshe ya bi bayan Ibn Zubairu. Hanafawa suka ce tana gado idan mijin ya rasu tana cikin idda, kuma ba ita ta nemi sakin ba, wannan ne ma dokar gado ta Masar ta 1943 ta ɗauka. Hambalawa suka ƙara mata wa'adi har bayan idda, matuƙar ba ta yi wani aure ba. Malikawa suka fi kowa nisa: tana gado ko iddar ta cika, ko ita ta nemi sakin, ko ta yi wani auren, in dai ciwon da aka sake ta a cikinsa shi ne ya kashe shi. Shi kuwa in ita ta riga shi, ba ya gadonta.

Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, ya ci karo da wannan hukunci. Ya kuma ci karo da takwaransa, wanda magada suka fi so su tuna: auren mai ciwon ajali ba ya inganta, raba shi ake yi, kuma amaryar ba ta da gado. Hukunce-hukuncen biyu tushensu ɗaya. Mutumin da mutuwa ta tunkaro ba shi da ikon fitar da magaji, ba shi kuma da ikon shigo da sabo. Matar da ta yi shekara talatin a gida ba a korar ta ranar da likita ya girgiza kai, haka nan ba a ɗauro wata a asibiti don a ƙuntata wa 'ya'ya.

To, Tumadir ta samu hukunci. Amma ba ta zauna an kasa raƙuma da gonaki da ita ba. Magada suka yi sulhu da ita, ta karɓi kuɗi a dunƙule ta bar musu rabonta. Adadin da ya fi shahara shi ne 80,000, wasu ruwayoyin suka ce 83,000. In aka ɗauki na farkon a matsayin rubu'in tumuni, wato kashi ɗaya cikin 32, dukiyar da aka raba ta haura miliyan biyu da rabi. Malaman fiƙihu sun sa wa irin wannan sulhu suna taharuji, kuma labarin Tumadir ne babbar hujjarsu ta halatta shi, domin an yi shi a gaban sahabbai ba wanda ya hana.

Me ya sa magada ke son fansar rabon matar uba? Tumuni kaɗan ne a lissafi, amma ba ya da gefe. Yana cikin kowane gida da kowace gona da kowane raƙumi. Matuƙar ba a raba ba, ba a iya sayar da rijiya ko a ba da hayar shago sai da yardarta. Kuma ita kaɗai ce cikin magada wadda ba jini ne ya haɗa ta da gidan ba. Gobe tana iya yin aure, in ta rasu kuma rabonta ya bi danginta da sabon mijinta. Abin da ke tsorata 'ya'ya ke nan, su wayi gari baƙo yana da ƙafa a gonar ubansu. Wannan tsoro ya fito fili a gado na biyu da ya girgiza Madina bayan shekara huɗu, kuma wanda ya riƙe ragamarsa shi ne Abdullahi ɗan Zubairu ɗin nan da ya saɓa wa Usman.

An kashe Zubairu ɗan Awwam, Allah ya ƙara masa yarda, a shekara ta 36, bayan ya janye daga yaƙin Raƙumi kusa da Basra. Kafin a gwabza ya kira ɗansa Abdullahi ya ɗora masa wasicci, kuma babban abin da ya dame shi bashi ne. Imam Buhari ya kawo labarin dalla-dalla. Zubairu bai bar tsabar kuɗi ba, sai filaye da gidaje: 11 a Madina, 2 a Basra, 1 a Kufa, 1 a Masar, da wani makeken fili a bayan Madina mai suna Gaba. Bashin kuwa ya kai 2,200,000. Ba almubazzaranci ya jawo shi ba. Mutane ne ke kawo masa ajiya, shi kuma sai ya ce a mayar da ita rance, domin ajiya in ta salwanta ba da sakaci ba babu ramuwa, rance kuwa dole a biya. Da Hakim ɗan Hizam ya ji adadin, cewa ya yi ba ya jin iyalan za su iya.

Abdullahi ya sa Gaba a kasuwa. Mahaifinsa ya saye ta a kan 170,000, shi ya sayar a kan 1,600,000, aka yanka ta kashi-kashi kowane kaso 100,000, har Mu'awiya ya sayi kaso ɗaya da rabi. Da aka gama biyan waɗanda aka sani, 'ya'yan Zubairu, waɗanda suka kai maza tara mata tara, suka ce a raba musu gadonsu. Abdullahi ya rantse ba zai raba ba sai ya yi shekara huɗu yana shela a wurin aikin hajji cewa duk mai bin Zubairu bashi ya zo. Haka ya yi. Sai bayan hajji na huɗu aka fitar da sulusin wasiyya aka raba saura, kowace ɗaya cikin matansa huɗu rabonta ya kama 1,200,000. Masu son lissafi za su lura cewa jimillar da ruwayar ta bayar, 50,200,000, ba ta yi daidai da wannan rabo ba, domin in aka bi shi a hankali sai an doshi miliyan 60. Masu sharhi sun daɗe da ganin haka, wasu suka ce bambancin shi ne abin da kadarorin suka haifa cikin shekarun jira.

Ba mu ga abin zargi a jinkirin Abdullahi ba. Tsarin a bayyane yake: a yi wa mamaci sutura, a biya bashi, a zartar da wasiyya cikin sulusi, sannan magada. Mutumin da ke da masu ajiya daga Masar har Iraƙi, ba inda za a same su gaba ɗaya sai Makka lokacin hajji. Amma shekara huɗu ba nauyinta ɗaya a kan kowa ba. A fiƙihun da muke bi, mai takaba tana da haƙƙin zama a gidan mijinta wata huɗu da kwana goma idan gidan nasa ne ko ya riga ya biya haya, amma ba ta da ciyarwa daga dukiyar, da rabonta za ta ci. In rabon yana ɗaure, da me za ta ci?

Cikin matan Zubairu akwai Atika 'yar Zaidu, wadda ta taɓa zama matar Sayyidina Umar har aka kashe shi. Littattafan tarihi sun kawo cewa Abdullahi ya aika mata cewa ita 'yar Banu Adiyyi ce, su kuwa Banu Asad ne, shigarta cikin kadarorinsu zai kawo musu cikas. Ta amsa cewa duk abin da ya aiko za ta karɓa. Ya aika da dirhami 80,000, ta karɓa, aka rufe magana. Adadin ya zo daidai da na Tumadir, amma a wannan gida kashi ɗaya ne cikin goma sha biyar na abin da rabon mace ɗaya ya kama a ƙarshe. Wannan tazara ta ɗaure wa malamai kai. Ibn Hajar, a sharhinsa na Buhari, ya daidaita ruwayoyin da cewa tana yiwuwa ta karɓi wannan kaɗan ɗin ne da yardarta ta bar musu saura. Muna iya ƙarawa da namu karatun: a ranar da Zubairu ya faɗi, dattijo masanin kasuwa irin Hakim ma bai zaci kadarorin za su ɗauki bashin ba. Duk wanda ya sayar da rabonsa a irin wannan lokaci, cikin duhu ya sayar, mai sayen ma cikin duhu ya saya. Bambancin kawai, mai riƙe da dukiya yana iya jira gari ya waye.

Malamanmu sun ga wannan rami. Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda Muhtasar ɗinsa ke kan teburin alƙalanmu, da ya zo babin sulhu sai ya buga misali da matar mamaci ita kanta. Idan dukiyar ta haɗa zinare da azurfa da kaya, ya halatta a ba ta daga zinaren da aka bari gwargwadon rabonta a cikinsa ko ƙasa da haka, saura ya zama ta yafe. Amma idan magaji zai fanshi rabonta da wani abu daga aljihunsa, to ciniki ne, kuma sharuɗɗan ciniki sun hau kansa. Dole ita da shi su san dukiyar gaba ɗayanta, dole dukiyar ta kasance a halarce, in kuma akwai wanda mamaci ke bi bashi, dole ya halarta ya amsa. Ba a sayen rabon mace a kan abin da ba a nuna mata ba.

Mu dubi yadda abin ke gudana a gidajenmu. A ce mutum ya rasu ya bar gida ɗaya da dillalai za su yi wa kuɗi naira miliyan 40, ba bashi ba wasiyya. In mace ɗaya ya bari da 'ya'ya, tumuninta miliyan 5 ne, in huɗu ne kowace tana da 1,250,000. Abin da muka saba gani shi ne babban ɗa ko ƙanen mamaci ya riƙe takardu da makullan shago, a ce a bari a yi sadakar arba'in, a bari yara su girma, a bari kasuwa ta gyaru. Ranar da mace ta fita takaba sai a kira ta ɗaki a miƙa mata abin da aka ga dama a ce tumuninta ne, ba a kira mai ƙiyasta gida ba, ba a karanta mata abin da ke banki ba. Kunya ta hana ta tambaya, musamman in 'ya'yan kishiya ne manya, ita kuma ba ta haihu a gidan ba. Sau da yawa ma ba a raba mata abin da yake nata tun asali da abin da yake na gado: ragowar sadakinta bashi ne da ake fitarwa kafin rabo, kuma kayan ɗakin da aka san na mata ne, in an yi jayayya, maganarta ake kamawa tare da rantsuwa. In an yi magana sai a ce ai sahabbai ma sun yi sulhu. Sun yi. Amma Tumadir sai da aka tabbatar mata da haƙƙinta a gaban halifa tukuna ta zauna ciniki, kuma dukiyar da aka sare da gatari a gaban jama'a ba ɓoyayya ba ce.

Ibn Sa'ad ya ce bayan rasuwar Abdurrahman, Zubairu ɗan Awwam ya auri Tumadir, amma ba su daɗe ba ya sake ta, don haka ba ta cikin huɗun da suka jira hajji huɗu. Ɗanta Abu Salama ya girma ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu na Madina, har ya riƙe alƙalancin garin. Idan aka buɗe Muwaɗɗa a babin sakin mara lafiya, aka bi sunayen waɗanda Imam Malik ya karɓo labarin ta hannunsu, za a ga malaminsa Ibn Shihab ya ji shi daga mutum biyu na gidan. Ɗaya Ɗalha ne, ɗan ɗan'uwan Abdurrahman. Ɗayan kuwa Abu Salama ne, yana ba da labarin yadda mahaifinsa ya saki mahaifiyarsa a kan gadon ciwo, da yadda halifa ya mayar da ita cikin magada.